Dalilin da Ya Sa Na Ƙi Sa Hannu a Rahoton Rabon Hatsi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da ke Kula da Ofishin Jin Daɗin Jama'a, Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci.

Sunana Usman, mutumin Shira. Ni ne ƙaramin malamin da aka ɗauka a wannan ofis bayan na gama karatun shekara biyu a Zariya kan aikin kula da mabuƙata. Yau watana bakwai da kwana tara a bakin aiki. Har yanzu ina cikin lokacin gwaji, ba a tabbatar da ni ba. Na fara da wannan ne don ka san ban manta da matsayina ba, kuma na san abin da nake shirin rasawa.

Ranar Larabar da ta wuce shugaban ofishinmu, Malam Shehu, ya ajiye mini rahoton rabon hatsin bana a kan teburina. Rahoton ya ce matan da ba su zo amsa sunansu ba, an bincika an tarar ba su da buƙata, saboda haka a soke sunayensu, rabonsu ya koma sito. Ana son hannuna a ƙasa domin ni na yi zagayen unguwanni. An ba ni zuwa Litinin. Ranar Litinin ɗin kuma ita ce ranar da zai rubuta ko na cancanci a tabbatar da ni. Don Allah kada a ce na yi masa ƙage: bai ce ɗaya ta rataya a kan ɗaya ba. Ya dai ajiye rahoton da takardar tabbatar da ni gefe da gefe, ya dube ni, ya fita.

Ba zan sa hannu ba. Sau biyu na rubuto maka dalilina ta hanyar ofis, amma ƙa'ida ta ce duk wasiƙar ƙaramin ma'aikaci sai ta bi ta hannun shugabansa, kuma ta biyun na gan ta da idona ranar Alhamis, an danne ta da kwalbar tawada. Shi ya sa na fito fili. Zan bambanta abin da na gani da abin da aka gaya mini, in kuma na yi kuskure a wani wuri, a gyara mini.

Na ɗaya, yadda aka tsara ma'aikatan ofis.

A takardar tsarin ofishinmu mutum biyar ne: shugaba, akawu, ni, masinja, da mai ziyarar mata a gidajensu. Wanda ya tsara wannan ya san garin da yake tsara wa. Ya san namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma yawancin waɗanda yunwa ke fara kamawa suna can ciki, bayan zauren.

To, wannan gurbi na biyar namiji aka ba. Baba Garba ne, dattijon da ya daɗe yana hidima a ƙofar wani babba, da ƙarfinsa ya ragu aka nema masa wurin zama. Ba na zargin Baba Garba da komai. Mutumin kirki ne, shi ya nuna mini lungunan garin nan da na zo, kuma bai taɓa ɓoye gaskiyar lamarin ba. A makona na farko na tambaye shi gida nawa yake ziyarta a rana. Ya yi dariya har ya tuɓe hula, ya ce, "Ɗana, cewa aka yi in zo in zauna, ga ni na zauna. In na kutsa gidan mutum wai na zo duba matarsa, da taɓarya za a fito da ni. Ni ma in nawa gidan ne, haka zan yi." Tun daga ranar yana nan gindin ɗorawar ofis, yana gaisawa da masu wucewa, yana gyara mana layi ranar rabo.

Ke nan, ranka ya daɗe, a takarda muna da mai shiga gidaje. A ƙasa kuwa babu ɗayanmu, mu biyar, da ya taɓa ganin murhun macen da muke yanke wa hukunci.

Na biyu, dokar amsa suna.

Da damina ta yi gardama aka ce a taimaki marasa ƙarfi da hatsi, masu unguwanni suka kawo sunaye. Aka kafa doka cewa kowa ya zo da kansa ranar kasuwa, ya tsaya gaban ofis, masinja ya kira sunansa ya amsa. Ba a karɓar wakili. Wanda aka kira mako uku a jere bai amsa ba, za a soke shi. An gaya mini dalilin dokar: wai a wani rabo na baya wasu sun karɓa da sunan mutanen da ba su nan. Ban ce dalilin banza ne ba. Amma duk wanda ya tsaya a wurin ya ga waɗanda suka amsa da waɗanda ba su amsa ba. Makafi sun zo bayan sarkinsu, kutare ma haka, tsofaffin maza sun zo da sandunansu. Sunayen da masinja ya yi ta kira shiru, kusan duka na mata ne: masu takaba, da waɗanda mazajensu suka tafi cin rani ba su dawo ba, da tsofaffin da ba sa iya tashi.

Na uku, kuskurena. Wannan ne ya fi mini nauyi, amma in na ɓoye shi wasiƙar nan ba ta da amfani.

Bayan kira na biyu aka ce in zaga in gano dalilin da ya hana su zuwa. Na ɗauki littafina da fensir na hau keke. A makaranta an koya mana kada mu rubuta zato, mu rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Na riƙe wannan da ƙarfi, har nakan rubuta lokacin isata da lokacin tashina daga kowane gida.

A cikin gidajen akwai na wani marini da ya rasu kwana arba'in da 'yan kai kafin zuwana. Ba zan ambaci sunansa ba, balle na matarsa, ko unguwarsu. Ya bar ta da yara uku ƙanana, danginta kuma suna can ƙasar Barno. Na isa da hantsi, na yi sallama a zaure har sau uku. Babu namijin da zai fito. Can sai na ji muryarta daga bayan katanga. Na yi mata ta'aziyya, na faɗi daga inda nake, na tambaye ta ko akwai abin da ya dame su. Ta ce, "Lafiya lau, Malam, mun gode Allah." Na sake tambaya, na ce ina nufin wajen abinci. Ta ce, "Alhamdu lillahi, asirinmu a rufe." Na ɗan dakata a zauren ina rubutu. Kafin in tashi sai na ji an fara daka a tsakar gida, taɓarya na sauka a turmi daidai da na maƙwabta.

Ga abin da na rubuta, kalma da kalma, yana shafi na goma sha ɗaya na littafina: "Ta ce lafiya lau. Na ji ana daka a gidan. Akwai alamar abinci."

Na koma ofis ina jin na yi aiki mai tsabta. A wasu gidajen ma irin wannan na rubuta: an ce lafiya lau, na ga hayaƙi, na ji daka. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, ranka ya daɗe, kuma duk abin da na rubuta ya ɓatar da ni.

Na huɗu, yadda na gane.

A kusa da inda nake zaune akwai wata tsohuwar ungozoma, Inna Fanna. Asalinsu Barebari ne, amma a nan Azare ta tsufa, kuma da wuya ka sami gida a unguwannin nan da ba ta yanke cibi a ciki ba. Wata ranar Asabar da la'asar ina wanke kekena ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ne malamin da ke bin gidaje da littafi? An ce ka je gidan marini. Me ka gano?" Na ce ba na faɗin maganar ofis a waje, amma dai na ji suna daka. Ta dube ni kamar ta ga maraƙi ya shiga masallaci. Ta ce, "Ɗan nan, a Zariyar ba a koya muku kukan turmi ba? Turmin da ke da hatsi muryarsa a cike take. Wancan ƙaiƙayi take zubawa tana bugu, don in maƙwabta na daka kada a ji gidanta shiru. Ni na shiga. Na sa hannu a rumbun, ƙasa na shafo. Yaran rama da ɗan gishiri suke ci, shi ma sau ɗaya. Ta sayar da tabarmi, ta sayar da tulun ruwa guda. Kai kuma kana zaure kana rubuta kiɗa."

Na ce, to me ya hana ta gaya mini? Ta ce, "Ta gaya wa ƙato a zaure, da murya sama, maƙwabta na ji ta kan katanga? Kai uwarka za ta yi?"

Ba za ta yi ba. Na san haka tun kafin in je kowace makaranta, littafin ne ya mantar da ni.

Na roƙi Inna Fanna ta raka ni. Kwana huɗu muna zagawa, ni ina zaure, ita tana ciki. In ta fito sai mu matsa nesa da ƙofar, ta gaya mini abin da ta gani, in rubuta, in karanta mata, ta gyara ni. Gida goma sha huɗu muka shiga a cikin waɗanda ba su amsa ba. A tara babu abin da za a ɗora a wuta washegari. A uku akwai ɗan abin taɓawa. Biyu kuma lafiya lau suke da gaske, danginsu daga Gamawa suna aiko musu, har ɗaya ta ce a ba wanda ya fi ta buƙata. Na rubuta waɗannan biyun ma yadda suke, domin ba ina neman cika suna ba ne. Inna Fanna ba ta nemi ko goro ba. Da na yi mata godiya cewa ta yi, "Ajiye godiyarka, ka je ka goge abin da ka rubuta."

Wani zai ce ai shari'a ba ta hana mai takaba fita don lalura ba. Na tambayi wani malamin addini, ya ce haka ne. Inna Fanna ta isar wa matar marinin da wannan, ga amsarta kamar yadda aka kawo mini: "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, in je in tsaya ranar kasuwa a kira ni da sunansa, abokan sana'arsa na kallo? Bai taɓa roƙon kowa ba yana raye, ba zan sa ya fara yana kwance ba." Za a iya cewa ta tsananta wa kanta. Amma ofishin jin daɗin jama'a an kafa shi ne don mutanen garin nan yadda Allah ya yi su, da kunyarsu da komai, ba don wasu mutanen da muke so su zama ba.

Na biyar, abin da ya biyo baya.

Na kai wa Malam Shehu sabon bayanin. Bai karanta ba. Kwana biyu bayan haka aka ba ni takardar tuhuma mai laifi biyu: na shigar da wadda ba ma'aikaciya ba cikin aikin hukuma, kuma na tsallake ma'aikacin da aikin ziyarar mata ke hannunsa, wato Baba Garba. Baba Garba da kansa, da ya ji, cewa ya yi, "Ni aka tsallake? Ai ban san ina kan hanya ba." Na amsa tuhumar a rubuce, na ce laifin farko na amsa shi, kuma in aka maimaita kwanakin nan zan sake aikata shi.

Sai ga rahoton ranar Laraba. Sakin layinsa na uku daga littafina aka kwaso shi, har da maganar daka. Bayanin kwana huɗun kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Na nuna wa Malam Shehu wannan. Bai yi mini tsawa ba, gaskiya, cikin taushi ya yi magana. Ya ce, "Malam Usman, ba kai ka rubuta ba? Rubutun ma'aikaci shi ne hujja. Maganar tsohuwa ba ta shiga fayil. In muka ce a buɗe wannan, sai a tambayi me mai ziyararmu yake yi, sai a tambayi wa ya kawo shi. Kai yaro ne, gabanka da nisa. Kada ka ɗauko dutsen da ya fi ƙarfin wuyanka."

Na gode masa da nasihar, domin na yarda da zuciya ɗaya ya yi ta. Amma a cikinta ya faɗi ainihin ciwon. Ba hatsi ne ya ƙare ba, yana nan a sito, na ga buhunan. Ba mugunta ce ta kowa ba. Gurbi guda ne aka ba wanda ba zai iya aikinsa ba, yanzu kuma ana so a rufe wannan da sunayen mata tara da 'ya'yansu, a sa hannuna a kan marfin.

An ce mini ko an so ɗaukar mace, babu mai karatun boko da za ta karɓi aikin. Ranka ya daɗe, aikin nan ido yake so da izinin shiga, ba alƙalami ba. Alƙalami ga shi a hannuna, shi aka tura ni in koyo, kuma ka ga inda ya kai ni ni kaɗai. In aka kai mace gidan yari, ba a rasa macen da za ta tsare ta. In haihuwa ta zo da gardama, ba a tambayar ungozoma takardar makaranta. Ban ga dalilin da zai sa sai wajen ciyarwa ne mata za su yi wuyar samu a garin Azare ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

A dakatar da soke sunayen har sai mace ta shiga gidajen ta gani. In ba a amince da Inna Fanna ba saboda ni na kawo ta, kwamiti ya zaɓi wadda ya yarda da ita, in ba ta jerin gidajen a asirce. Amma a yi shi cikin makon nan, domin yunwa ba ta jiran zaman kwamiti.

A ba mace gurbin mai ziyarar mata. Baba Garba kuma kada a wulaƙanta shi. Babu wanda ya kai shi iya tsara layi da kwantar da rigima ranar rabo, a rubuta masa wannan a matsayin aikinsa, tun da shi yake yi.

A sassauta dokar amsa suna ga mai takaba da marar lafiya da tsohuwar da ba ta tashi. A kai musu rabonsu gida ta hannun mai ziyara, da shaidar mai unguwa, ba tare da shela ba.

A kuma cire sakin layi na uku daga rahoton, ko a haɗa shi da gyarana. Maganata ce, kuma na janye ta.

Ba na roƙa wa kaina komai, sai abu ɗaya: in za a sallame ni, a rubuta dalilin a takardar yadda yake, kada a ce ban iya aiki ba a yi shiru.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Wasiƙar nan sau huɗu na kwafe ta, ina cire kalma ina mayarwa. Ni ne na farko a gidanmu da ya zauna a ofis. Ranar Juma'a na nemi izini na shiga mota zuwa Shira, don kada mahaifina ya ji labarin a bakin wani. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na kwashe komai na gaya masa, ina ta kewaye-kewaye, ina jiran ya ce in bi na gaba, domin abin da ya saba gaya mini ke nan. Ya bari na gama, bai ɗago ba, ya ce, "Abin da ke cikin takardar haka yake?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To me ka zo tambayata?" Ya miƙo mini fartanyar ya ce in gwada in ji ko ƙotar ta zauna. Ta zauna daram. Ya ce, "Ajiye ta can, in sun koro ka taka ce."

Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, ƙarfe bakwai da rabi zan kasance a teburina kamar kullum. Zan mayar wa Malam Shehu rahoton da hannu biyu, da ladabi, wurin sa hannun nan fari fat. Abin da zai rubuta a kaina nasa ne. Abin da za a yi da gidajen nan tara kuwa, daga yau ya bar hannun ƙaramin malami ya koma naka, tun da yanzu ka sani.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta masu gaya maka abin da ke bayan katanga. Allah ya rufa asirin waɗanda suka rufa wa kansu, ya hana mu zama sanadin tonuwarsa. Ya yafe mini abin da na rubuta da jahilci, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam, daga mai biyayya gare ka a kan duk abin da yake gaskiya,

Usman Shira,
Ƙaramin malami mai jiran tabbatarwa,
Ofishin Jin Daɗin Jama'a, Azare.